2.2 Tsarin Kasuwa Mai Kula da Jama'a: Daga Jamus Zuwa Bompai

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana ma'anar tsarin kasuwa mai kula da jama'a, sannan a auna shi da abin da ya faru a Kano.

Wani masani Bajamushe, Alfred Müller-Armack, shi ya raɗa wa tsarin suna, Ludwig Erhard kuma ya fara aiwatar da shi a yammacin Jamus a 1948, lokacin da aka fito da sabon kuɗi, aka janye ƙayyade farashin kayayyaki da dama. Manufar ita ce a bar kasuwa ta yi halinta, amma gwamnati ta tsaya a matsayin alƙali. Wato ba ita za ta yanka farashi ba, sai dai ba za ta bari manyan kamfanoni su haɗa baki su danne ƙanana ba, kuma wajibi ne ta tanadar wa ma'aikaci madogara idan tsufa ya zo ko aiki ya ƙare. Don haka a 1957 Jamus ta Yamma ta zartar da dokar hana haɗa baki a kasuwa, ta kuma gyara tsarin fansho. A shekarar ne ita da ƙasashe biyar suka sa hannu a Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kasuwar bai-ɗaya ta Turai. Yarjejeniyar Lisbon ta 2007 kuwa ta ambaci sunan tsarin ƙarara cikin manufofin Tarayyar Turai.

Idan aka dawo gida, za a ga cewa shirin SAP da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 rabin wannan tsari ya ɗauka. An saki darajar naira, an rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta gyaɗa. Masana'antun Bompai, maƙwabtanmu a nan Nassarawa, da na Sharaɗa da Challawa, yawancinsu da kayan aiki na waje suka dogara, saboda haka faɗuwar naira ta tsauwala musu. Ma'aikacin da aka sallama kuwa, ba shi da wani alawus na rashin aiki. Dangi ne suka ɗauki nauyin. Gaskiya ne an kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, amma a ganin mai wannan nazari, ba ta kai girman matsalar ba. Ita ko cikakkiyar dokar gasa a kasuwa, sai a 2019 aka sa mata hannu, shekara 33 bayan an buɗe kasuwar.