Gidan marin Amurka a daji yake

Tun da Shugaba Biden ya sa hannu a dokar hana cin zarafin yara a cibiyoyin tarbiyya a Disambar 2024, wasu ke cewa Amurka ta rufe sansanonin dajin da ake kai kangararrun matasa. Dokar ba ta rufe ko ɗaya ba. Cewa ta yi a gudanar da bincike a kawo rahoto. Wannan ɗin ma sai da Paris Hilton, wadda ta ce an azabtar da ita a makarantar Provo Canyon ta jihar Utah, ta yi ta zarya majalisa.

Tsarin sananne ne. Iyaye su biya dubban daloli, a ɗauke yaro, sau da yawa cikin dare, a kai shi jeji ya yi makonni yana tafiyar ƙasa da kaya a baya, wai wuya za ta ladabtar da shi.

Asalin abin ne ba a cika faɗa ba. A 1941 Kurt Hahn da abokin aikinsa suka buɗe Outward Bound a Wales don koya wa matasan ma'aikatan jirgin ruwa juriya lokacin yaƙi. Horo ne na lafiyayyu, babu zancen hukunci. Steve Cartisano, tsohon sojan sama, yana cikin waɗanda suka mai da shi kasuwa da ya kafa sansanin Challenger a Utah a 1988. A 1990 wata yarinya 'yar shekara 16 ta mutu a sansaninsa saboda tsananin zafi. Kotu ta wanke shi, ya kwashe komatsansa ya sake buɗe wasu har a tsibirin Samoa. A 2007 ofishin bincike na majalisar Amurka ya gano dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi, wasu har da asarar rai. Duk da haka a Fabrairun 2024 yaro ɗan shekara 12 ya mutu a sansanin Trails Carolina, bai cika kwana ɗaya da isa ba.

Kada mu yi wa Amurkawa dariya. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su. Uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye, in babu cibiyar gwamnati mai likita a kusa, ina zai nufa? Gwamnoninmu su fito su faɗa mana cibiyoyi nawa suka gina tun bayan Rigasa, kuma wa ke zuwa duba na 'yan kasuwa.