Takardar Saki Ba Ta Raba Uwa Da Ɗanta

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ta gama idda kwanaki kaɗan kafin a rufe Kano saboda korona, cikin watan Afrilun 2020. 'Ya'yanta biyu, babban yana da shekara shida, ƙaramar kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Mahaifinsu ya aiko ƙaninsa ya ɗauke su, aka ce za su je gaida Hajiya a wata jiha, su yi mako guda su dawo. Ranar 16 ga wata dokar kulle ta fara aiki. Haka ta yi azumi babu su, ta yi ƙaramar Sallah kayan yaran suna ninke a akwati. Da aka buɗe hanyoyi tsakanin jihohi a farkon Yuli, ta buga waya ta ce a dawo mata da su. Aka ce mata: "Ai 'ya'ya na ubansu ne. Ke da aka sallama, me ya rage miki?"

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da mahaifiyarta ta ce mata: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, mu ma haka muka tarar."

Masu wannan magana iyayenmu ne da yayyenmu, kuma da yawansu suna faɗarta ne da kyakkyawar niyya. Suna ganin yaro da sunan ubansa ake kiransa, ubansa ne waliyyinsa, shi Allah ya ɗora wa ci da sha da sutura. Suna ganin bazawara yau tana gidansu, gobe tana gidan wani, ba kuma mai son jininsa ya tashi agola. Wani ma tausayin surukansa yake ji, yana gudun ya ƙara musu baki a lokacin da abinci ya yi wuya. Duk waɗannan dalilai ne da mai hankali zai saurara. Sai dai an cakuɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba tun tuni: nasaba da walicci a gefe guda, riƙo da reno a ɗaya gefen. Na farkon na uba ne, babu mai ja. Na biyun, wanda malamai ke kira hadana, uwa ce a gabansa.

Ba daga waje aka shigo mana da wannan hukunci ba. Yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake biyawa a zaurukanmu ɗaruruwan shekaru, yana cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke dubawa. A mazhabar Malikiyya, idan aure ya mutu, uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har a aurar da ita ta tare. Yaye ba shi ne iyaka ba, shekara bakwai ma ba ita ba ce. Uba kuma yana nan da nauyin ciyarwa, alhali yaran suna kwana a ɗakin uwarsu. Abu Dawuda ya ruwaito labarin matar da ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mijinta ya sake ta yana kuma son ƙwace mata ɗa, Annabi ya tabbatar mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi wani aure ba.

Akwai labarin da nake so kowane uba ya ji, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ya rabu da wata mata Ba'ansariya da ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama dantsensa ya aza shi a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta riske shi, ta ce ba ta yarda ba. Suka je gaban Halifa Abubakar, kowa yana cewa ɗansa ne. Abubakar ya ce wa Umar ya bar mata yaron. Umar, wanda kowa ya san ƙarfin zuciyarsa, bai sake cewa uffan ba. Wane ne a cikinmu ya fi Umar son ɗansa, ko ya fi shi kishin gidansa?

Wani zai ce to ai in uwa ta yi aure, magana ta ƙare. Gaskiya ne, idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙinta na riƙo yana faɗuwa. Amma a jerin Malikiyya, bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin layi ya kai ga dangin uba. Ke nan tsoron agolanci ma an yi masa magani ba tare da an jefa yaro hannun matar uba ba. Haka nan akwai sharuɗɗa a kan mai riƙo: hankali, amana, iya ɗawainiya, da muhalli mai tsaro. Uwar da ke cutar da ɗanta ana karɓe shi, uban da zai ƙaura gari mai nisa ya zauna dindindin shi ma yana da magana. Alƙali ne ke auna wannan da hujja. Ba a yanke shi a tsakar gida cikin fushi, ba a kuma yanke shi da dabarar "za su je gaida Hajiya".

Korona ta tona wannan rami ne kawai, dama yana nan. Tun ƙarshen Maris aka rufe makarantu, Alƙalin Alƙalai na lokacin, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya dakatar da zaman kotuna sai a kan abin gaggawa. Wanda yaro ya kwana a hannunsa ranar da aka kulle gari, shi ya zama mai riƙo, uwar da ke da haƙƙi kuwa ba ta da motar shiga, ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Wasu suka samu sabuwar hujja: gidan su uwar cunkoso ne, tana zuwa kasuwa, tana aikin asibiti, za ta shafa wa yara cuta. Malamanmu sun riga mu tunanin wannan. Sun ambaci cuta mai yaɗuwa irin kuturta cikin abin da ke hana riƙo, suka kuma ce idan rashin lafiya ne ya raba uwa da ɗanta, tana warkewa haƙƙinta ya dawo. Killacewar mako biyu ba ta zama dalilin raba yaro da uwarsa shekara goma ba.

Ita ma uwa akwai inda za ta tsaya, don na ga waɗanda suka mayar da dokar kulle katanga, uba ya kira a ƙi ba yaro waya. Wannan zalunci ne. Littattafan da suka ba ta riƙo su ne suka ba uba damar bibiyar ɗansa, da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta. Wace Islamiyya zai shiga, yaushe za a yi masa kaciya, zazzaɓin nan na kemis ne ko na asibiti, ya koma aji da aka buɗe makarantu ko a ɗan jinkirta, duk abubuwa ne na mutum biyu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, ta kuma ɗora ko da yaye a kan yardar juna da shawara. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ, wadda ke magana kan matan da aka saka, ta umarci a yi shawara cikin kyautatawa. In har ranar cire yaro daga nono tana buƙatar shawara, ina ga garin da zai tashi?

Maƙwabciyarmu ta sake ganin 'ya'yanta ne bayan wata bakwai, da wani dattijo ya shiga tsakani. Ƙaramar ta ɓuya a bayan ƙofa, ba ta gane ta ba.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan hadana, kamar yadda suke yi wa zakka da gado. Iyaye da waliyyai, ranar da aka miƙa takardar saki, a zauna a tsayar da inda yara za su kwana, da abin da uba zai riƙa aikowa, da ranakun da zai gan su, a rubuta a gaban shaidu. Kai kuma ɗan'uwa, in yaranka suna hannunka yau ba da hukuncin alƙali ba, ba kuma da yardar uwarsu ba, ka je ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka shirya karɓar amsar yadda Umar ya karɓa.