Rabon Zangon Iska da Gasar Kamfanonin Waya a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya tashi a gidan da a ke kama rediyo da asuba ya saba jin mai shela yana cewa a same su a kan mita 31 ko mita 25 a gajeren zango. Da wuya mai sauraro ya tambayi wanda ya ba tashar wannan mita, ko abin da ya hana wata tasha ta zo ta zauna a kanta. Amma tambayar nan ita ce tushen maganar da na ke so in kawo a wannan takarda, gama wayar hannu da ke aljihun ɗalibanmu ba kome ba ce illa ƙaramar rediyo mai ji da mayarwa, ita ma kuwa ba ta aiki sai a kan zangon da hukuma ta yanka wa kamfaninta. Zan riƙe kalmar zango, tun da ya ke ma'aikatan rediyo sun riga sun are ta daga bakin fatake, ta kuwa zauna daram.

Bari mu fara da lissafi kaɗan, wanda malami zai iya rubutawa a allo. Saƙon iska tafiya ya ke yi kamar igiyar ruwa, a kan auna shi ko dai da tsawon igiya ɗaya, watau mita, ko da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, watau megahaz. In an raba 300 da adadin megahaz, sai a sami tsawon igiyar. Mita 31 ta rediyo ta kama wajen megahaz 9 da rabi. Zangon 900, wanda aka fara wayar hannu da shi a ƙasar nan, igiyarsa ta ɗara ƙafa guda da kaɗan. Zangon 3500 kuwa, na sabon salon da a ke kira 5G, igiyarsa ba ta kai inci uku da rabi ba. Abin lura shi ne, doguwar igiya ta fi nisan tafiya, ta fi ratsa bango da kurmi. Gajeriya ba ta da nisa, amma filin da ke akwai a wajenta ya fi faɗi, saboda haka ta fi ɗaukar kaya. Jaki ke nan da babbar mota: ɗaya ya shiga kowane lungu da ɗan mangalarsa, ɗaya ta ɗauki buhu ɗari amma sai inda titi ya kai.

Da ya ke tashoshi biyu ba su zama kan zango ɗaya a wuri ɗaya ba tare da sun dagula wa juna ba, tilas a sami mai rabo, kamar yadda tilas a sami mai shata iyakar gona da burtali. A Nijeriya wannan iko na Gwamnatin Tarayya ne kaɗai. Akwai dokar wayar iska tun 1961, tsarin mulkin 1999 kuma ya sa al'amarin cikin abubuwan da jihohi ba su da hannu a ciki. An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992, dokar 2003 ta ƙarfafa ta, ta kuma kafa majalisa mai raba zanguna tsakanin masu waya, masu watsa labarai, da ma'aikatun gwamnati. Abin da kamfani ke samu haya ce ta shekaru ƙidayayyu, ba mallaka ba.

Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kusan dukkansu kuwa a hannun NITEL su ke. A watan Janairu na shekarar nan NCC, a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasin a Abuja, farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane ɗaya, na shekara 15. MTN da Econet suka biya, suka soma aiki a watan Agusta. Kamfani na uku da ya ci, CIL, ya rasa lasinsa a kan maganar biya. Shekara biyu a ke sayar da minti guda naira 50, ko da mutum sallama kaɗai ya yi ya kashe. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sa'an nan na farkon suka bi sahu cikin gaggawa. Wannan shi ne misalin da masu goyon bayan gasa su ka fi kawowa, kuma lalle suna da hujja: abin da roƙo da ƙorafi su ka kasa, zuwan sabon ɗan kasuwa ya yi shi.

To, sai mu komo gida. An ciri Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse hedkwata. Mutanenta sun haura miliyan huɗu a ƙidayar 2006, galibinsu kuwa a ƙauyuka da rugage su ke, ba a birni ba. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, jihar ta yi wani yunƙuri da ya ba mutane mamaki: ta kafa kamfanin intanet nata, Galaxy, a Dutse, da makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Ko me mutum zai ce game da abin da yunƙurin ya haifar, ya nuna iyakar ikon jiha. Tana iya sayen na'ura ta horar da yara, amma ba ta iya yanka wa kanta ko taƙi guda na zangon wayar hannu. Wannan sai a Abuja, kuma lasin manyan kamfanoni na ƙasa ne baki ɗaya, daga Ikko har Maigatari.

A nan ne matsalar ta ke. Kamfanin da ya zuba dala miliyan ɗaruruwa a gwanjo yana neman mai da kuɗinsa, ba zai fara da Miga ko Buji ba. Turken sadarwa guda, da injinsa da mansa da mai gadinsa, kusan kuɗi ɗaya ya ke ci ko a Sabon Garin Kano aka kafa shi ko a bayan Kiyawa, amma a Kano dubbai ne ke biyan kuɗinsa, a ƙauye kuwa 'yan ɗaruruwa ne, su ma sai kaka ta yi. Cikin garin Dutse, inda sakatariya ta ke, da Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011, mutum yana da zaɓi. In ya rabu da babban titin Birnin Kudu ko na Jahun ya nausa ciki, sai zaɓin ya riƙa raguwa, har ya kai inda kamfani ɗaya ne ke kamawa, shi ma sai an nemi tudu. A irin wannan wuri, damar da aka ba mutane a 2013 ta su canja kamfani ba tare da sun rasa lambarsu ba, ba ta da wani amfani. Ina za a koma?

Abin da zai rage wannan tsada shi ne zango mai doguwar igiya, watau 700, 800 da 900, domin turke ɗaya a kansu ya kan rufe ƙasar da sai turaku da dama za su rufe a babban zango. Saboda haka ne rigimar kamfanoni ta fi zafi a kansu. Zangon 700 da farko a hannun gidajen talabijin ya ke, ba ya kuma kuɓuta gaba ɗaya sai sun koma sabon tsarin dijital. Yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta sa wa'adin Yuni 2015, Nijeriya ba ta cika ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos. A farkon shekarar nan kuma MTN ya sayi Visafone, ƙaramin kamfani wanda babbar dukiyarsa ita ce rabonsa a zangon 800. Airtel da 9mobile su ka yi tsaye a kan kada a mayar masa da zangon, har NCC ta kira zaman jin bahasi a 2018. Hujjarsu ita ce, wanda hukuma da kanta ta ayyana a 2013 cewa ya rinjayi kasuwa, in ya haɗa da zangon da ya fi kowane kai wa karkara, ba mai sake kamo shi. Hujjar MTN kuwa, zango a hannun wanda ba shi da ƙarfin kafa turaku gona ce da aka bari ta zama saura. A ganina kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, mutumin Gwaram kuwa bukatarsa duka biyun ce: a nome gonar, kuma kada manomin ya zama shi kaɗai.

Gwanjon 5G bai sauya wannan ba. A watan Disamba 2021, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabancin NCC, MTN da Mafab su ka ci rabo a zangon 3500 a kan dala miliyan 273.6 kowanne, Airtel ya sami nasa bayan shekara guda. Sharaɗin shimfiɗa aiki a shekarun farko bisa shiyyoyi shida aka lissafa shi, ba bisa kowace jiha ba. Shiyyar Arewa maso Yamma kuwa jiha bakwai ce, Kano tana ciki. Ba sai an faɗa ba: da MTN ya fara a 2022, Kano da Maiduguri da Abuja ne garuruwan Arewa da ya ambata. Baitulmali ya samu, wannan ba musu, amma kuɗin da aka biya a gwanjo ba su ne su ka zama turaku a karkara ba.

Gasar ma kanta ta tsuke. A 2025 kimanin rabin layukan ƙasar na MTN ne, kimanin sulusi na Airtel, a farkon shekarar kuma NCC ta yarda a ƙara farashi har da kashi 50 cikin ɗari. Dabarar da aka koma wa ita ce tarayya. Tun 2018 akwai ƙa'idar da ta halatta kamfani ya sayar ko ya ba da hayar zangon da ba ya amfani da shi. A 2025 MTN da Airtel su ka ƙulla yarjejeniyar yin tarayya a kayan aiki, hukuma kuma ta amince masu layin 9mobile su hau turakun MTN inda nasu bai kai ba. Ma'anar wannan ga ƙauyen da ke da turke ɗaya ita ce, kamfani biyu za su iya yin ciniki a kansa. Ƙauyen da ba shi da ko ɗaya kuwa, dogaronsa yana ga asusun USPF, wanda dokar 2003 ta tanada domin a tallafa wa kamfani ya kafa turke inda riba ba za ta kai shi ba, NCC ce kuma ke zuba masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyanta kowace shekara.