Hawar da Ruwa Bene: Lissafin da Ya Kamata Mai Kiwon Kifi a Gida Ya Sani

A Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku da murjani a cikin akwatin gilashi a falo. Da yawansu suna haɗa ruwan gishiri a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su tura shi sama da injin famfo, su canja kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan akwatin duk mako. Mu nan Zamfara babu teku, babu murjani, amma muna da tarwaɗa a tankin tamfol ko na roba a bayan gida, kuma ɗalibai da dama sun fara wannan kiwo don samun na handawut da na abinci. Matsalarmu da tasu iri ɗaya ce: yaya za a kai ruwa mai tsafta inda ake so, a fitar da mai datti, ba tare da an ƙona inji ko an kashe kifi ba?

Ni daga Kekun Waje na fito, a ƙasar Bungudu, kuma na san yadda ruwa yake da tsada a wannan yanki da zarar damina ta wuce. Gusau da Tsafe da Bungudu duk a kan dutse suke zaune. Wanda ya taɓa wucewa ta Kwatarkwashi ya ga samfurin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Ruwan ƙasa a tsagar dutse yake maƙalewa, shi ya sa rijiyar burtsatse da yawa ba ta bayar da ruwa da sauri. To ruwan da aka samu da ƙyar, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Mu fara da dalilin canjin ruwan. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, ita kuwa guba ce gare su. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wasu kifaye, amma juriya daban, girma daban. Idan ruwa ya fara wari, ya yi kumfa, kifi ya rage cin abinci, kuɗin abincinka ne ke tafiya a banza.

Abu na farko shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 1,000 tan guda ne, wato jarka 40 ta 'yan garuwa mai lita 25. Tamfol mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, da ruwa mai zurfin mita 1, tan 4 ke nan, daidai da buhun siminti 80. A kan kowane murabba'in mita kilo 1,000 ne, alhali daɓen benen gidan zama yawanci kilo 150 zuwa 200 ake lissafa masa na mutane da kayan ɗaki. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka ɗora kifi a baranda ko saman bene don gudun ɓarayi. Kifi a ƙasa, tankin ruwa a sama kan hasumiyar da aka gina don ta ɗauke shi.

Abu na biyu: injin famfo gwani ne a turi, rago ne a ja. Abin da muke kira "ja" ba ja ba ne. Inji yana rage iskar da ke cikin bututu, sai nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan ya hau. Wannan nauyi kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa kimanin mita 10.3 a bakin teku. Galileo ya ambaci wannan iyaka a littafinsa na 1638, almajirinsa Torricelli kuma ya gano dalilinta a 1643. A aikace, mita 7 zuwa 8 ne ake samu. Don haka duk ƙarfin injin da ka kafa a sama, in ruwan ya fi haka nisa a ƙasa, gurnani kawai zai yi. Ka ajiye inji kusa da ruwa ya tura sama. Wannan ne ya sa ake zura sumo can cikin rijiyar burtsatse.

Abu na uku shi ne lambobin da ke jikin inji, kuma nan ne mutane suka fi shan ruwa a kasuwa. Ɗauki ƙaramin injin nan mai rabin ƙarfin doki, wat 370. Za ka ga an rubuta kamar mita 35 da lita 35 a minti. Ba tare ake samun su ba. Lita 35 a minti sai in ba hawa ko kaɗan. A mita 35 kuwa ko ɗigo ba zai fita ba. Gaskiyar tana tsakani. Sai ka lissafa tsayin da ruwa zai hau, abin da malamanmu ke kira hed, daga saman ruwan ƙasa zuwa bakin tankin sama. Hawa ɗaya na gini kusan mita 3 ne. Gida mai bene ɗaya, ƙasa da sama, mita 6. Ƙara mita 2 na ƙarfen tanki, 8. Ƙara kamar 2 na gogayyar ruwa da bututu, 10. A wannan tsayi irin wannan inji zai ba ka wajen lita 25 a minti, wato minti 40 kafin tankin lita 1,000 ya cika, da wuta kusan rubu'in yunit. Da wannan lissafi kana iya sanin ko wutar da kamfanin lantarki ke kawowa, ko solarka, za ta ishe ka.

Gogayyar nan ba ƙaramar ɓarauniya ba ce. In ka rage faɗin bututu da rabi, ka ce ruwa mai yawa ɗaya ya bi ta ciki, asarar ƙarfi tana ninkuwa kusan sau 30. Wanda ya sayi tiyo mai rabin inci don ya fi arha, a kuɗin fetur zai biya bambancin. Yi amfani da mai inci ɗaya, ka rage lanƙwasa, domin kowane elbo yana cin nasa rabon.

Saukar da ruwa kuwa kyauta ce. Daga tankin sama zuwa na kifi, buɗe famfo kawai. Don fitar da ruwan datti, nutsar da tiyo gaba ɗaya ya cika, toshe baki ɗaya da yatsa, ka kai shi wurin da ya fi saman ruwan tankin gangare, ka saki. Zai yi ta zuba da kansa. Don Allah a bar zuƙa da baki, ruwan kashin kifi ne. Ka sa bakin ciki a ƙasan tanki inda datti ke kwanciya, na waje kuma ka kai shi gindin zogale ko alayyafo, taki ne mai kyau.

Sai dai wannan dabara tana iya juya maka baya. In bakin bututun da ke cika tankin sama ya nutse cikin ruwa, da an ɗauke wuta ruwan zai koma ƙasa ta hanyar da ya zo. Maganinsa: bar bakin bututu sama da ruwa, ka sa bawul mai hana komawa. A ƙasan bututun ja ma a sa irinsa, don kada inji ya tashi babu ruwa a cikinsa. Injin da ya yi gudu a bushe, ƙonewa yake yi. Haka sumon da ya fi ƙarfin rijiyarsa. Makunnin nan mai yawo a kan ruwa, wanda ke kashe inji da kansa, ya fi sabon inji arha nesa ba kusa ba.

Ruwan da za ka ba kifi ma sai an kula. Na famfon gwamnati yana iya ɗauke da kilorin, a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Na burtsatse iskarsa kaɗan ce, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Baƙin tanki a zafin Maris da Afrilu yana dafa ruwa, don haka a yi canji da safe ko da yamma, kuma kada a kwashe duka lokaci ɗaya. Sulusi ko rabi ya isa, gwargwadon yawan kifin. Wuta da ruwa kuwa ba sa ga maciji: a sa wayar ƙasa, a daina cusa tsirarar waya a soket, a kashe inji kafin a sa hannu cikin tanki.

'Yan ajin ƙarshe masu neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai, ga shi a ƙofar gida. Bokiti mai lita 20, agogon waya da tef na awo sun isa ku auna ainihin abin da injinan kasuwar Gusau ke bayarwa a mita 3 da 6 da 9, ku zana jadawalin, ku kawo wa wannan mujalla ta buga. Masu kiwon kifi da masu gidajen haya za su yi muku addu'a.