Yaron da Ya Yi Laifi a Jega, Ina Za a Kai Shi?

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da wasu yara daga Kano da Kaduna a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali, bayan kusan wata uku a tsare, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Abin da ya faru a kotun nan ya tona wata tsohuwar matsala: galibin yaran da ke hannun hukuma jiran shari'a suke, kuma sau da yawa a ɗaki ɗaya da manya.

Doka ba ta yarda da haka ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya, ta kuma ce kowace jiha ta samu gidan horar da kangararrun yara. Amma waɗanda aka daɗe da sani na tarayya uku ne: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Yaron da aka kama da satar waya a kasuwar Jega, ko buhun albasa a Aliero, ko faɗa a Maiyama, wa zai kai shi Kaduna? In ba shi da takardar haihuwa, da ido ake kintata shekarunsa, ɗan sha biyar ya koma baligi a takarda. Shi ya sa ƙarancin yara a rajistar gidajen gyaran hali ba ya nufin ƙarancinsu a kurkuku.

Za a ce sassauci na ƙara wa yaro ƙarfin gwiwa, musamman yanzu da ƙwaya da ɗaukar makami suka shiga matasa. Gaskiya ne, wanda ya zubar da jini dole kotu ta tsare shi, amma a wurin yara, da malami da sana'a. Shi kuwa mai ƙaramin laifi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ya shiga da satar kaza, ya fito da ilimin fashi.

Jihar Kebbi, inda Jega, Aliero da Maiyama suke, ta sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara a 2022. Saura aiki: rajistar haihuwa a kowace mazaɓa, kotun iyali mai zama da wuri, da sulhu a gaban uban ƙasa da iyaye, inda yaro zai biya abin da ya ɓata, a damƙa shi ga makaranta ko mai koyar da sana'a. Tsarewa ta zama matakin ƙarshe.