Jirgin Ceto a Kan Teburi: Inda Roba Ta Gaza, Tagulla Ta Karɓa

Jirgin ruwan da ake kira Hermann Marwede tsawonsa mita 46 ne, kuma shi ne mafi girma a cikin jiragen ƙungiyar ceto a teku ta ƙasar Jamus, wadda aka fi sani da DGzRS. Kamfanin Fassmer ne ya ƙera shi a shekarar 2003, aka ba shi mazauni a Helgoland, tsibirin da ke Tekun Arewa kimanin kilomita 50 daga gaɓar Jamus. Injinansa uku ne, ƙarfinsu gaba ɗaya ya kai na doki 9,250, yana kuma iya gudun kilomita 46 a sa'a. Idan aka raba kowane abu da ke jikinsa gida 72, tsawonsa zai dawo santimita 64 ba kaɗan. Wannan shi ne girman samfurinsa na roba da kamfanin Revell yake sayarwa a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ya zauna ya harhaɗa da hannunsa, ya yi masa fenti.

Ma'aunin 1:72 tsohon ma'auni ne a wannan sana'a. Asalinsa daga Ingila yake, inda aka ɗauki inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa shida, wato mutum mai tsayin ƙafa shida ya koma inci guda. A can ne kuma aka fara sayar da jiragen sama na roba da ake harhaɗawa a gida, a 1936, da sunan Frog Penguin. Jiragen ruwa ƙanana irin na ceto sun dace da wannan ma'auni ƙwarai, domin samfurin yana da girman da za a ga komai, bai kuma fi ƙarfin teburi ba.

Sai dai rabawa gida 72 tana da sauƙi ne a takarda. Gangar jiki da ɗakin tuƙi ba su da matsala, roba tana fitar da su tsaf. Wahalar tana wurin siraran abubuwa. Shingen ƙarfen da ke kewaye da doron jirgi tsayinsa kamar mita ɗaya ne, a samfuri ya zama milimita 14. Bututun da aka yi shi da shi, mai kaurin santimita 3 zuwa 4, ya kamata ya dawo rabin milimita. Ita kuwa roba zuba ta ake yi tana narke a cikin mazubin ƙarfe, dole ta samu hanyar da za ta gudana ta cika kowane lungu kafin ta daskare, dole kuma a iya zare ta ba ta karye ba. Saboda haka masu ƙira sukan ƙara mata kauri. To shingen roba mai kaurin milimita ɗaya, idan aka mayar da shi girmansa na gaskiya, ya zama bututu mai santimita 7 da 'yan kai, wanda hannun da ke cikin safa jiƙaƙƙiya ba zai iya damƙewa da kyau ba. Ragar ƙarfe da ake takawa ta fi wannan muni, domin ramukanta a wannan ma'auni ba su kai rabin milimita ba, sai kawai a yi falle toshe a zana masa layuka a sama.

Nan ne farantin tagulla yake shigowa. Falle ne siriri, yawanci milimita 0.1 zuwa 0.2, wanda aka sassaƙa da haske da sinadari maimakon wuƙa. Ana shafe fuskokinsa biyu da wani maganin da haske ke ƙarfafawa, a ɗora zanen kayan da ake so a kai, a haska masa fitila mai ƙarfi. Inda hasken ya taɓa sai maganin ya kafe, inda bai taɓa ba a wanke shi, tagullar ta fito tsirara. Daga nan a watsa mata ruwan sinadarin ferik kulorayid, ya cinye duk wurin da ba shi da kariya. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda wurin da aka ɗaure a jikin yadi yake ƙin karɓar baba, ya riga ya fahimci dabarar. Da irin wannan hanya ce ake yin allunan lantarki da ke cikin rediyo da waya. Kamfanoni da dama sun ƙware a kanta, daga cikin fitattunsu akwai Eduard na Jamhuriyar Cek.

Hikimar tana cikin fuskoki biyun nan. Inda sinadarin ya ci ta gaba da ta baya, rami ne ya ɓulle. Inda ya ci ta fuska ɗaya kawai, sai ya tsaya a rabin kauri, ya bar ɗan kwari. Da irin wannan kwari ake fitar da zanen ƙofa da murfi, da shi kuma ake nuna layin da za a lanƙwasa. Abin da yake zuwa hannun mai haɗawa falle ne shimfiɗaɗɗe mai ɗauke da tsani, raga, matakala, mazaunin fitila, har da sandar goge gilashi, kowanne maƙale da firam ta wasu 'yan ƙananan wuyoyi.

Ana iya cewa duk wannan ado ne, kuma a wasu samfuran adon ne. A jirgin ceto kuwa ban yarda ba. Siraran abubuwan nan su ne aikin jirgin. An kafa DGzRS a birnin Kiel ranar 29 ga Mayu, 1865, hedikwatarta tana Bremen, kuma har yau da gudummawar jama'a take gudana, ba da kuɗin haraji ba. Tun 1875 take ajiye asusu mai siffar ɗan kwale-kwale a shaguna da wuraren cin abinci, mutane suna jefa abin da ya sawwaƙa. Jiragenta suna fita ne a daidai lokacin da kowa yake neman hanyar komawa tasha. Ranar 23 ga Fabrairu, 1967, jirginta Adolph Bermpohl ya tashi daga Helgoland ɗin nan cikin guguwa, daga baya ya je agaza wa wani jirgin masunta na ƙasar Holan. Ma'aikatansa huɗu sun kwaso masunta uku, sannan igiyar ruwa ta auka musu, duka bakwai ɗin suka rasu. Washegari aka tsinci jirgin yana yawo a kan ruwa, babu kowa a ciki. A daren farko na shekarar 1995 kuma jirginta Alfried Krupp ya kife kusa da tsibirin Borkum, ya miƙe da kansa kamar yadda aka ƙera shi ya yi, amma teku ta tafi da mutum biyu daga cikin ma'aikatansa. Jiragen sun tsira, mutane ne aka rasa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ƙara kallon shingen ƙarfe da mariƙin hannu a matsayin kwalliya ba. An yi ragar ƙasa ne don ruwa ya zube ƙafa ta samu wurin kamawa, an kafa kowane mariƙi a inda hannu zai nema idan jirgi ya karkata. Samfurin da ya toshe ragar ya kumbura mariƙin ya ɓoye dalilin da ya sa aka ƙera jirgin haka.

Aikin da kansa yana farawa da abin da yake ba sabon shiga tsoro, wato kankare abin da kamfani ya riga ya zuba. Kafin a ɗora matakalar tagulla, sai an sa wuƙa an share ta robar, an goge wurin ya yi sumul. Babu komawa baya bayan haka, don haka a tabbata wadda za ta maye gurbinta ta lanƙwasu daidai tukuna.

Yankan kayan daga firam ba a yin sa a kan abu mai taushi, domin tagullar za ta bi wuƙa ta lotsa. A kan tayil ko gilashi ake yi, da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, a danna a kan wuyan sau ɗaya. A ɗora yatsa ko ɗan salatif a kan abin da ake yankewa, in ba haka ba zai yi tsalle, kuma abin da bai kai ƙwayar gero ba idan ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Ɗan tsinin da ya rage a goge shi da ƙaramin magagari, ana riƙe da kayan da hantsaki dab da bakin wurin. Wajen lanƙwasawa a danne shi da rula ta ƙarfe daidai kan layin, a zura reza ta ƙasa a ɗaga a hankali, kwarin yana ta ciki. Sau ɗaya ake so a yi. Wurin rabin kauri ne da shi, idan aka lanƙwasa aka mayar aka sake, zai rabu gida biyu. Abin da ake so ya zagaye, kamar murfin bututun hayaƙi, a ɗan gasa shi a harshen wuta har launinsa ya sauya, a bari ya huce, sai ya yi laushi a naɗe shi a jikin ƙusa. Amma kar a kai raga ko siririn shinge kusa da wuta, nan take za su murɗe.

Gam ɗin da ake haɗa roba da shi narkar da ita yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, don haka ba ya yi wa tagulla komai. Sufa-gulu ake amfani da shi, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1958 da sunan Eastman 910. Ba a matsa shi kai-tsaye daga robarsa. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalba, a riƙa ɗiba da bakin allura. Yana da wata ɗabi'a da ta shafe mu a nan: danshin iska ne yake sa shi kamawa. Da damina kafin ka daidaita kayan ya riga ya kama, da hunturu kuwa sai ka riƙe har hannu ya gaji, ga ƙura tana sauka a kan duk abin da bai bushe ba. Tururinsa kuma yana barin farin hazo a jikin gilashin taga, wanda yake da wuyar gogewa. Jirgi irin wannan ɗakin tuƙinsa tagogi ne kewaye, don haka a kusa da su farin gam na kafintoci ya fi, ga shi yana ba da lokacin gyara. Dogon turken da ke ɗauke da fitilu da na'urar rada shi kam ya fi son dalma, kuma duk mai gyaran waya yana da hannun yin ta da kayan yin ta. Sharaɗin kawai a gama liƙin nesa da roba, ya huce, sannan a dasa.

Duk da haka tagullar faranti ba ta fi roba a ko'ina ba, kuma a nan ne masu zumuɗi suke yin ɓarna. Falle ce, ba ta da zagaye. A ƙananan ma'aunai irin 1:350 ko 1:700 ido ba ya rabewa, shingen faranti ya wadatar. A 1:72 kuwa ana ganin bututun da ya kamata ya zama kewayayye ya fito a baje. A ganina, mafi kyau shi ne a ɗauki ginshiƙan shingen daga faranti idan na ainihin ma faffaɗa ne, a zura musu wayar tagulla mai rabin milimita. Duk abin da yake da jiki a gaskiya, kamar bututun feshin ruwa na kashe gobara, ko turken ɗaure igiya, ko ƙugiyar ɗaukar kaya, a bar na robar a gyara shi. Ba dole ba ne a yi amfani da kowane abu da ke cikin farantin don kawai an biya kuɗinsa. Hotunan jirgin na ainihi su ne alƙali, a ajiye su kusa da takardar umarni.

Fenti ma yana iya rusa wahalar mako guda cikin minti ɗaya. Tagulla tana da santsi, sai an wanke maiƙon yatsa da sifirit an yi mata shafen farko kafin launi ya zauna. Launin kuma a tsinka shi sosai a yi shafe biyu ko uku, domin mai kauri zai cike ramukan ragar, a koma gidan jiya. Jiragen DGzRS fari ne da kore da wani ja mai ƙyalli wanda ake hangowa daga nesa, ga manyan haruffan SAR a jikinsu. Wannan jan ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, dole a shimfiɗa masa fari tas tukuna, in ba haka ba zai fito a dushe. Rana kuma tana kashe shi da wuri, don haka bakin taga ba wurin ajiye samfurin ba ne.

Akwai wani kuskure da ake yawan gani wurin waɗanda suka saba haɗa tankokin yaƙi da jiragen dakon kaya: sai su bi jirgin ceto da zanen tsatsa don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Hermann Marwede da alminiyam aka ƙera shi, alminiyam kuwa ba ya jan tsatsa. Ma'aikatansa a cikinsa suke kwana suke tashi idan suna kan aiki, kullum cikin wanki da gyara suke. Ɗan baƙin hayaƙi a bakin bututu, da gogewa a jikin robar da ke kare gefensa inda yake jingina da wasu jirage, sun isa.

Sashen da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne bayan jirgin. A can akwai wani kwari da ƙaramin kwale-kwale mai suna Verena yake kwance a ciki. Dabara ce da ƙungiyar ta ɗauka tun daga jirginta Theodor Heuss na 1957: babban jirgi ya tunkari manyan igiyoyi, idan an zo wurin da ruwa ba shi da zurfi, irin wanda ya yi yawa a gaɓar Tekun Arewa, sai a buɗe ƙofar baya ƙaramin ya sulale ya shiga, ya ɗauko mutane ya dawo, a jawo shi sama. Gefen Verena yana kusa da ruwa, ta nan ake janyo wanda sanyi ya riga ya kashe wa hannu da ƙafa. A haɗa shi daban a matsayin samfuri mai zaman kansa, a gama cikin kwarin da tayoyinsa da ragarsa tun kafin shingayen sama su tare hanyar hantsaki, kuma kar a liƙe shi, don mai kallo ya iya zare shi ya ga yadda abin yake aiki. Shingen gefe da turken fitilu da eriya su ne na ƙarshe, daga tsakiyar jirgi ake farawa a yo waje don kada hannu ya riƙa bi ta kan abin da aka gama. Tun kafin a kai nan ya kamata a ce an auna an ba mai yankan gilashi aikin akwati, tsawonsa ya ɗara santimita 70, domin ba a iya share ƙurar hunturu daga ragar tagulla ba tare da an lanƙwasa ta ba.