Inshorar Tafiya Ga Miji Da Mata Masu Shiga Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido

A wannan fitowa ba maganar farashin bijimai ko kuɗin tirela za mu yi ba. A ƴan shekarun nan, cikin mambobin ƙungiyarmu akwai waɗanda Allah ya buɗa wa, akwai kuma waɗanda ƴaƴansu ke aiki a Turai, har sukan biya musu kujera su da iyalinsu a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke zagaya Bahar Rum. Jirgin yakan tashi daga Marsai ta Faransa, ko Janowa ta Italiya, ko Barsalona ta Sifen, ya kwana yana tafiya, ya wayi gari a wata tasha, haka har mako guda. To, duk wanda zai yi irin wannan tafiya sai ya ci karo da maganar inshora, wadda mu a nan muka fi sani da asiransi. Abin da nake so a fahimta shi ne, takardar da ake yanka don a sami biza daban take da takardar da za ta tsaya wa mutum da matarsa a tsakiyar teku.

Bari mu fara da ta bizar. Dokar ƙasashen Shengen ta ce ba a ba baƙo biza sai ya nuna inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wato kusan sefa miliyan 20, tunda Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Dole ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, ta kuma rufe dukan kwanakin zama, ta ɗauki jinyar gaggawa da mayar da maras lafiya ko gawa gida. Wannan ita ce mafi araha, ita ce kuma masu haɗa takardun biza ke sa wa mutum ba tare da ya ma duba ba. Ba laifi gare ta, amma fa an yi ta ne don wanda ke tafiya a kan tudu. Jirgin ruwa kuwa yakan tsaya a Tunis, ko Kasablanka, ko wata tasha ta Turkiyya, waɗannan duk ba Shengen ba ne. In ciwo ya kama mutum a can, takardar da aka rubuta wa "Shengen" kawai ba ta san da shi ba. Saboda haka abu na farko, a karɓi jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, a aza shi kusa da takardar inshora, a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke ƙirga shanu a bakin tirela. (Af, wanda jirginsa zai fita Shengen ya dawo, ya nemi biza mai shiga da fita fiye da sau ɗaya, kada a tsare shi a tasha.)

Mutanenmu in an ce teku, nutsewa suke fara tunawa. Gaskiya ne yakan faru: a watan Janairu na 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka rasu. Amma irin wannan jefi-jefi ne. Abin da ya fi samun mutane sa'o'inmu shi ne zamewa a matakala, da ɓacin ciki, da hawan jini ko suga su tashi saboda canjin abinci. A cikin jirgin akwai likita da ɗan ƙaramin asibiti, sai dai ba kyauta ba ne, ba ya cikin kuɗin kujera. Ganin likita da allura da kwanciya duk ana rubutawa a kan lissafin ɗakinka, ka biya kafin ka sauka. In ciwon ya fi ƙarfinsu, sai su sauke mutum a tasha mafi kusa, ko a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu. Daga nan in likitoci suka ce ba zai iya hawa jirgin fasinja ba sai jirgin ɗaukar marasa lafiya, kuɗin dawo da shi gida kaɗai yakan wuce lodin tirela guda ta bijimai. Kun ga ke nan Yuro 30,000 ba wani abu ba ne a irin wannan hali. Ni a ganina mai shiga teku ya nemi wadda ta ninka wannan sau da yawa, kuma ya tabbata an rubuta a fili cewa ta haɗa da tafiyar jirgin ruwa, domin kamfanoni da dama sai an ƙara kuɗi suke sa wannan.

Yanzu ga inda ya shafi miji da mata, nan ne kuma aka fi yin sakaci. A ce an sauke maigida a wani asibiti a Malta ko Sisiliya, jirgi kuwa ba ya jiran kowa, ya ɗaga. Hajiya fa? Ko dai ta ci gaba da tafiya ita kaɗai cikin baƙi, ko ta sauka ta yi jinyar mijinta a garin da ba ta jin harshensu, ba ta san kowa ba. Ai sauka za ta yi. To wa zai biya mata masauki da abinci da tikitin komawa? Takarda mai kyau tana da wannan: tana ɗaukar nauyin abokin tafiya mutum ɗaya, wani lokaci ma ta kawo wani daga gida in jinyar ta yi tsawo. A tambaya, a ce a nuna layin da aka rubuta. Haka nan a tambaya, in ɗaya ya kwanta ciwo kafin a tashi, shin shi kaɗai za a mayar wa kuɗin kujera ko su biyun? Sa'an nan adadin da aka rubuta, na kowane mutum ne ko na su biyu a haɗe? Bambancin ba kaɗan ba ne.

Takardar ma'aurata mutum biyu take sani, da sunayensu kamar yadda suke a fasfo. Mai mata biyu ko uku ya lura da kyau. In an yanka da sunan uwargida, daga baya shawara ta canja aka tafi da amarya, to amarya ba ta da komai, sai an koma an gyara kafin a tashi. Rubutun suna ma a duba, harafi ɗaya yakan jawo jayayya.

Sai maganar ciwon da mutum ke da shi tun daga gida. Kowa a cikinmu ya san hukuncin wanda ya sayar da saniya ya ɓoye aibinta: in aibin ya bayyana, ciniki ya warware. To haka yake a nan. Za su tambaye ka ko kana shan maganin hawan jini, ko suga, ko an taɓa yi maka aiki. Wasu sukan ce babu, don kada kuɗi ya ƙaru. Ranar da aka kwantar da mutum, likitan kamfani zai nemi bayanin asibiti, ya ga ciwon tsoho ne. Dokar CIMA, wato yarjejeniyar inshora da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda Nijar da Kamaru da Cadi da Benin da Togo ke cikinta, ta ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan takardarsa ta ɓaci, kuma kuɗin da ya zuba ba a mayar masa. An yi biyu babu ke nan, ga kuma alhakin ƙarya. A faɗi gaskiya a biya ƙarin. In kamfani ya ce ba ya ɗaukar wannan ciwo, ko shekarun mutum sun wuce iyakarsu, gara a sani tun ana gida a nemi wani.

Wata doka kuma da ta saɓa da al'adarmu ta kasuwa: tun 2011, a ƙasashen CIMA inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Babu "a rubuta, in na dawo daga kasuwar kudu na cika". A biya a karɓi rasit mai sunan kamfanin da lambar takarda, ba na ɗan kamasho ba.

Yaushe ya kamata a yanka? Ranar da aka ba da kafin alƙalami na kujera, ba daren tashi ba. Dalili shi ne kamfanonin jirgin ruwa suna da tsarin yanke kuɗi ga wanda ya fasa: da nisa kaɗan suke riƙewa, ana matsowa yana ƙaruwa, in ya rage ƴan kwanaki sai su riƙe duka. Inshorar fasa tafiya ita ke mayar da wannan, amma bisa dalilan da aka lissafa kawai, kamar ciwo mai tsanani ko rasuwar makusanci. Makusanci a wajensu kuwa ba irin namu ba ne. Iyaye ne da ƴaƴa da ƴan uwa na ciki ɗaya, wani lokaci da surukai. Rasuwar baffa, ko maigidanka na kasuwa da ya riƙe ka tun kana yaron kora, mu a wajenmu dole a zauna makoki, su kuwa ba lallai su biya ba. Wanda ya fasa don layya ta matso raguna sun yi kuɗi, wannan kam kada ma ya je ya tambaya. Hana biza shi ma ba kowace takarda ke ɗauka ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka keɓanta da jirgin ruwa. Na ɗaya, rasa jirgi: in jirgin samanka ta Kasablanka ko Istanbul ya yi latti, ka iske an ɗaga, sai ka bi shi tasha ta gaba da kuɗinka, sai fa in takardarka ta ɗauki wannan. Maganinsa mafi sauƙi a isa garin da kwana guda kafin ranar tashi. Na biyu, kulle a ɗaki saboda cuta mai yaɗuwa. A watan Fabrairu na 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum wajen 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Wasu takardu suna biyan wani abu a kan kowace ranar da likitan jirgi ya kulle mutum.

Kaya kuwa, kada a sa rai da yawa. Mu mun saba da ɗaure kuɗi a lalita, amma inshora kaɗan take biya a kan tsabar kuɗi, kuma kowane abu mai daraja yana da iyakar da ba a wucewa. Sarƙar gwal ɗin Hajiya da awarwaronta sun fi wannan iyaka nesa ba kusa ba, a bar su a gida. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye, dole ya bayyana wa ƴan duwan.

Na san wasu za su ce, to ina matsayin abin a addini? Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci akwai garari a cikinta, wato ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, ta kuma halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979. Tsarinsa kamar asusun ƙungiyarmu ne da muke zubawa don wanda tirelarsa ta faɗi: kuɗin gudummawa ne, kamfani wakili ne mai kula. Inda aka sami takaful mai ɗaukar tafiyar teku, shi ya fi kwanciyar rai. Inda babu, malamai da yawa sun yi sauƙi a kan abin da hukuma ta tilasta, kamar ta biza. Abin da ya ƙaru a kan wannan, kowa ya zauna da malaminsa ya kai masa bayanin yadda yake.

Maganar rasuwa ba ta da daɗi amma a yi ta. Manyan jiragen nan suna da wurin ajiye gawa har a kai tasha. Dawo da gawa gida yakan ɗauki kwanaki saboda takardu, mu kuwa gaggauta jana'iza muka sani. Wasu takardu suna ba da zaɓi a binne a can su biya. Miji da mata su yi shawara tun a gida, su gaya wa babban ɗa abin da suka zaɓa.

A jikin kowace takarda akwai lambar wayar agaji da ke aiki dare da rana. Ita ake fara kira kafin a amince da wani babban aiki a asibiti, domin in ba a sanar da su ba suna iya ƙin biya. A rubuta lambar a takarda biyu, ɗaya a aljihun maigida ɗaya a jakar Hajiya, a bar kwafi a gida. Duk rasit ɗin likitan jirgi a adana, in kuma an yi sata a karɓi takardar shaida daga ofishin jirgin kafin a sauka.